Yadin da Aka Zubar Sau Biyu

Ɗaya-ɗaya ake ce masa, kuma ba da yabo aka fara ba. 'Yan'uwansa masu gyaran kujerun kushin ne suka laƙaba masa sunan don tsokana. Su in za su tuɓe wa kujera tsohon yadi, wuƙa suke sawa su keta daga sama har ƙasa, kafin ka gama gaisuwa sun gama. Shi kuwa sai ya jawo ɗan bencinsa, ya kwantar da kujerar a gefenta, ya ɗauki filaya da bakin sukundireba, ya bi ƙusoshin nan yana zare su ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a gwangwanin madara. Yadin zai fito lafiya lau, ko zare bai tsinke ba. Haka ya ga mahaifinsa yana yi, kuma shekara talatin da 'yan kai bai ga dalilin canzawa ba.

Lokacin da ya gaji shagon, masu kawo masa aiki mutane ne 'yan tsaka-tsaki: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, masu aikin ofis, direbobin manyan motoci. Mutum zai zo ya zaɓi yadi, ya ce a ƙera masa saiti guda, bayan shekara biyar ya dawo a sabunta. Ɗaya-ɗaya ba zai iya faɗin ranar da suka daina zuwa ba. Ba mutuwa suka yi ba, ba kuma gari suka bari ba. Yana ganinsu a bakin titi suna jiran mota, takalma sun sha faci. Malamin da ya taɓa yin odar saiti sabo ful, yanzu sai ya turo kujera ɗaya a baro, yana kallon ƙasa, ya ce a ɗan ɗaure mata ƙafa kawai, sauran sai an kwana biyu.

A daidai wannan lokacin ne gidaje suka fara tsirowa a tsallaken babban titi, masu katangar da sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi. Can ma ana neman mai kushin, amma ba don wani abu ya lalace ba. Kujera ce garau, ba a zauna mata sau ashirin ba, sai matar gida ta wayi gari ta ce launin ya ishe ta. Ranar da ya fara aiki a irin gidajen nan, ya tuɓe yadin da bai taɓa taɓa irinsa ba, ya ninke, ya tambayi inda zai ajiye. Aka dube shi kamar ya yi tambayar wauta, aka ce, "Kwashe sharar nan, kada ka bar mana ko zare."

Ya kwashe kuwa. Daga ranar, duk abin da aka tuɓe a tsallaken titi sai ya ƙetaro ya rufa asirin wata kujera a unguwarsu. Matarsa takan ce shagon ya koma ɗakin amarya saboda ninkakkun yaduka, ta ƙara da cewa ita kaɗai ce matar mai kushin da take zama a tabarma. Yakan ce mata ai tabarma ba ta ciwon baya. Amma yana da ƙa'ida guda da ya kafa wa kansa: ba ya mayar da yadin gida ɗaya a kujera ɗaya. Sai ya yanka, ya gauraya, bayan kujera daga wannan gida, hannuwa daga wancan, yadda ba wanda zai shiga ɗakin talaka ya ce ya ga falon wane. Ba tsoro ne ya sa shi ba, don ba sata ya yi ba. Ya dai san masu kuɗi: abin da suka zubar ba ya damunsu sai sun gan shi a jikin wani.

Sau ɗaya tak ya karya ƙa'idar, kuma saboda Auta ne, ƙanwarsa. Mijin Auta direba ne a wani gida da ake kira Farin Gida, shekara tara yana jan motar matar gidan, shi ne ma ya yi wa Ɗaya-ɗaya hanya a can. Auta tana da doguwar kujera mai cin mutum uku, wadda mahaifinsu ya ƙera mata da hannunsa, ita ce aikinsa na ƙarshe kafin idonsa ya mutu. Katakon yana nan daram, amma yadin ya zama tsumma, soso ya leƙo, baƙo in ya zauna sai ya yi ta gyara zama yana murmushin dole. Sai ga shi an kira Ɗaya-ɗaya Farin Gida ya tuɓe wani karammiski kore shar, mai taushi kamar kunnen ɗan akuya, aka ce masa ya kwashe shara. Ya shimfiɗa shi a shago, ya ɗauki almakashi, hannunsa ya ƙi. Tsawonsa da faɗinsa daidai da kujerar Auta, kamar an auna. Akwai wani ɗan kifi da ƙaramar 'yar gidan ta zana da biro a hannun kujerar; ya gan shi sarai, ya juyar da shi ta ciki inda matashi zai rufe, ya buga ƙusoshinsa. Auta ta yi kwana uku tana hana yara zama.

Wata shida bayan haka aka yi wa direban aiki a ciki, ya kwanta a gida. A yi wa matar Farin Gida adalci: da kanta ta zo dubiya, abin da ba ta taɓa yi ba cikin shekara tara. Motarta ta kasa shiga lungun, ta tako da ƙafa tana ɗage zane. Auta ta rasa inda za ta sa kanta don murna, ta kai ta kan kujerar da ta fi kowace daraja a ɗakin. Matar ta zauna, ta ɗora hannu, ta shafa, ta sake shafawa. Sai ta ɗaga matashin. Ta ga ɗan kifin, ta miƙe, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta fita. Washegari saƙo ya zo cewa direba ya huta abinsa, ba a bukatar mai ɗibar kayan gida.

Da sassafe Auta ta iso shagon, ko gaisuwa ba ta yi ba.

"Yaya, sun ce ɓarawo ne. Mutumin da ko ragowar ruwan gora ba ya ɗauka a motar. Yana kwance, ɗinki bai warke ba, tun jiya ya juya fuska bango ya ƙi cin abinci. Ya ce aikin bai dame shi ba kamar sunan. Ni kuwa duka biyun sun dame ni, yara huɗu gare mu."

Ɗaya-ɗaya ya ajiye gudumarsa. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta kama shi ba tun yana yaro, don ya san laifin nasa ne shi kaɗai. Matarsa, da ta kawo masa ruwan zafi ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce a hankali, "Ka san in ka je ka faɗa, ba Farin Gida kaɗai za ka rasa ba. Matan nan a waya suke kwana. Kafin la'asar duk layin ya ji cewa mai kushin yana raba kayansu a unguwa. Kuma aikinsu ne yake riƙe da shagon nan."

"Na sani," ya ce.

"To ni dai na faɗa ne don kada ka ce ban faɗa ba. Ga rigarka mai kyau can na goge."

Bai wuce Farin Gida kai tsaye ba. Gidan Auta ya fara zuwa da filayarsa da gwangwaninsa. Ya kwantar da kujerar a tsakar ɗaki, ya zauna, ya shiga zare ƙusoshin da shi ya buga. Direban ya juyo daga bango yana kallonsa. Can ya ce, "Yaya, bar shi kawai, kada ka jawo wa kanka." Ɗaya-ɗaya bai ɗago ba, ya ce, "Kai dai ka ci abinci. Mai jan mota ba ya jan ta da yunwa." Har rana ta take yana abu ɗaya. Da ya gama, ya kakkaɓe yadin, ya ninke shi gida huɗu, ya bar kujerar mahaifinsa tsirara, soso da katako a waje.

Maigadin Farin Gida ya san shi, ya kuma ji labari, don haka ya buɗe ƙaramar ƙofa ba tare da ya haɗa ido da shi ba. Aka bar shi tsaye a baranda kusan awa guda kafin matar gidan ta fito, waya a hannu.

"Ranki ya daɗe, na kawo miki yadinki," ya ce, ya ajiye shi a kan tebur. "Direbanki bai ɗauki komai ba. Ni na tuɓe shi, ke kika ce in kwashe, ni na kai shi gidan ƙanwata na buga. In akwai laifi, ga mai laifin a gabanki."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Na ce ka kwashe. Ban ce ka kai gidan direbana ba. Ka san yadda na ji? In shiga wannan lungun, in zauna a kan kujerata a cikin..."

"Kujerar ba taki ba ce, ranki ya daɗe, mahaifina ne ya ƙera ta. Yadin ne naki, ga shi kuma, ba inda ya yage."

"Gidaje nawa ka yi wa haka?"

"Duk gidan da aka ce in kwashe shara."

Ya ga maganar ta shige ta, ya kuma ga ba ta ji daɗin shigarta ba. Ta daɗe tana danna waya ba tare da tana kallon abin da take dannawa ba. Sannan ta ce direba ya dawo in ya warke, ita ba ta da matsala da shi. Shi kuwa mai kushin, kada ta ƙara ganin ƙafarsa a gidan, kuma za ta gaya wa ƙawayenta su san wanda suke shigarwa falo. Ta juya za ta shiga, sai idonta ya faɗa kan ninkakken yadin. Ko taɓa shi ba ta yi ba. Ta ƙwala wa maigadi kira, ta ce, "Ɗauke wannan ka zubar."

Ɗaya-ɗaya ya yi sallama ya fita. Amma bai tafi ba. Ya tsaya a waje, gefen babban durom ɗin shara da ke jikin katanga, hannuwa a baya, kamar mai jiran mota. Maigadi ya fito da yadin a hammata, ya gan shi, ya yi turus.

"Zuba mana," in ji Ɗaya-ɗaya. "Aikinka aka sa ka."

Maigadi ya ɗaga murfin ya saka, a hankali, a kan wani kwali mai tsabta.

"To, ɗan'uwa, ina tambayarka, kuma kai ne shaida. Wannan abin da ke cikin durom, na waye?"

Maigadi ya waiga ya dubi ƙofa, ya dawo da kallonsa, yana danne murmushi. "Shara ce."

"Ka tabbata?"

"Wallahi shara ce. Da kunnena na ji."

Ɗaya-ɗaya ya miƙa hannu ya ɗauko, ya kakkaɓe, ya saɓa a kafaɗa, ya ƙetare babban titi.

Matarsa tana gidan Auta tana jiransa. Ya gaya musu direba zai koma aiki. Auta ta zauna daɓas a ƙasa ta fashe da kuka, mijinta kuma ya ce a miƙo masa kwanon abincin nan. Matarsa ta dubi yadin, ta dubi fuskarsa, ta gane sauran labarin ba sai an faɗa ba.

"To yanzu fa? Sun rufe maka ƙofa."

"Kujerun wannan tsallaken sun fi na wancan yawa," ya ce, yana jawo benci. "Kuma ba za su daina zubarwa ba. Zan yi magana da masu kwasar shara."

"Wanda za su kira a madadinka da wuƙa zai keta."

"Ina da keken ɗinki."

Ya san abin da ke gabansa, bai ruɗi kansa ba: shekarun da suka rage masa zai yi su ne yana haɗa ƙyalle da ƙyalle, a kan ɗan abin da ba zai kai rabin na da ba. Ya zazzage gwangwanin, ya zaɓo ƙusoshin da ba su lanƙwashe ba, ya ja karammiskin ya rufe kujerar mahaifinsa, ya fara bugawa. Da ya iso hannun kujerar, Auta ta ce, "Yaya, kifin nan, juya shi ciki."

"A'a," ya ce, ƙusa a bakinsa.

Ya daidaita ɗan kifin a waje, ta wajen ƙofa, inda duk wanda ya shigo zai fara gani, ya buga masa ƙusa huɗu.