Sarƙar Da Na Ba Aminina Aro

Edita, ina gaishe ka da masu bin wannan shafi. Ni mutumin Kazaure ne, na ba shekara arba'in baya, kuma sana'ata ba da hayar lasifika da rataya su a wuraren taro. A lokacin da abin nan ya faru, in ka tambaye ni wa ya fi kowa iya wannan aiki daga Kazaure har Babura, ba zan ɓata maka lokaci ba, ƙirjina zan nuna maka. Nakan ce in na kunna kayana a Babura, mutanen Nijar sai sun aiko a rage musu murya don su samu su yi ciniki. Nakan ce abin da na rataya da hannuna, ko guguwa ce ta taso sai dai ta gaishe shi ta wuce. Na taɓa gaya wa wani mai biki a Gwiwa cewa in yana so motar amarya ma zan ɗaga masa sama a kalle ta daga nesa. Mutane na dariya, ni ma ina yi, amma can cikin raina na yarda da fiye da rabin abin da nake faɗa.

Kuma ba duka ne cika baki ba. Akwatunan lasifikar nan manya ne, kowanne ya kai buhun gero nauyi. Jera su ake yi ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, a maƙala da ƙusoshin ƙarfe, sannan a ja su sama jikin dogon ƙarfe da irin sarƙar nan mai ƙugiya da makanikai ke ɗaga injin mota da ita. Kowace sarƙa akwai lamba a jikinta da ke nuna iyakar nauyin da za ta ɗauka. Wanda ya koya mini aikin a Kano ya hore ni kada in taɓa kusantar wannan iyaka, kuma in riƙa ƙara wayar ƙarfe a matsayin ɗauri na biyu ko da sarƙar za ta ci amana. Ban taɓa saɓa masa ba. Sarƙoƙina biyu ne, kafin kowane aiki sai na bi su gaɓa gaɓa da yatsa kamar mai jan carbi.

Ina da amini, tare muka taso tun muna firamare. Direba ne, yana da a-kori-kura, shi ke kwasar mini kaya duk inda za ni. Kwano ɗaya muke ci, ya san inda nake ajiye makullin shagona, ɗansa na fari sunana ya ci. In mutum ya nemi ɗayanmu bai samu ba, gidan ɗayan yake zuwa. Wata rana da damina ya zo ya ce za a sauke masa injin mota a gareji, in ba shi aron sarƙa ɗaya. Injin a-kori-kura ba komai ba ne a wajen sarƙar nan, don haka ko tunani ban yi ba na miƙa masa. Bayan 'yan kwanaki ya dawo da ita tana ƙyalli, an wanke, an shafa baƙin fenti, an sa mata giris. Na ce masa don Allah gobe ya zo ya ari tsohon babur ɗina, ko shi ma zai dawo sabo, in ya gama ya are ni ni ma a yi mini fenti. Ya yi dariya, amma gajeriya. Hannuna har ya fara bin gaɓoɓin kamar yadda ya saba, sai na ga yana kallona, sai na ji kunya na saki. Kun san halinmu, mutum ya dawo maka da kayan aro ka tsaya kana dubawa a gabansa, kamar ka kira shi ɓarawo ne, balle amini. Na jefa ta cikin shago da niyyar dubawa daga baya. Daga bayan nan ba ta zo ba, domin duk sanda na kalle ta sai in ga ta fi 'yar'uwarta kyau, in ce wannan ai ba ta buƙatar dubawa.

Aikin da ya biyo baya saukar karatu ne na wata Islamiyya a Roni, kuma 'yata tana cikin masu saukar. Filin babba ne, na yi niyyar nuna bajinta. Aminin nawa ne ya kai kayan da sassafe. Muna saukewa ya ce mini ko yau mu jera su a ƙasa kan tebura, tunda taron yara ne. Na tambaye shi ko ya ga na yi kama da mai tallan maganin basir a kasuwa. Can an jima ya sake cewa yana ganin kamar za a yi iska. Na ce iskar ta san ni, ba yau muka fara haɗuwa ba. Da na gama ɗagawa, ya zo ya tsaya a bayana ya tambaye ni wace sarƙa ce a wane ɓangare. Na ce masa mai ƙyallin nan da ya ara ita na sa ɓangaren dattawa, saboda manyan baƙi su ga abu mai kyau. Na tuna ya ɗaga kai ya daɗe yana kallonta. Ni a zatona yaba aikina yake yi.

A nan sai na gabatar muku da Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Kunnensa ya yi nauyi, saboda haka duk taron da na yi aiki, in har ya samu zuwa, kujerarsa gindin lasifika take. Ina ɗaura igiya don hana mutane zama a ƙarƙashin kaya, amma Kawu ɗaga igiyar yake yi da sandarsa ya wuce, ya ce ba a haifi igiyar da za ta hana shi jin abin da ake faɗa ba. Ranar ma haka ya yi, kuma ya ja abokin hirarsa, wato mahaifin aminin nawa, suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Ina wajen na'ura ina daidaita murya na hango aminina ya je ya durƙusa gaban mahaifinsa, ya yi masa magana a kunne, ya kama hannunsa ya tashe shi, ya kai shi can gindin wata darbejiya. Da zai wuce ta wajena ya ce ƙarar ce ke tayar wa Baba hawan jini. Na ce ya kyauta. Na kuma gan shi da idona ya koma ɗauko kujerar Baba, ya gaishe da Kawu, sandar Kawu ta faɗi ya ɗauka ya jingina masa a gwiwa, ya juya ya tafi.

Hantsi ya ɗaga, yara suna karatu, saura kaɗan a kira 'yata, sai na ji wata ƙara kamar an harba bindiga. Sarƙar ta tsinke. Akwatunan suka zabura ƙasa, wayar ƙarfen nan ta biyu ta cafke su, amma fizgar ta yi ƙarfi, ta ɓalle ƙusar akwatin da ke can ƙasa, ya sauko a kan ƙafar Kawu. Na'ura tana ta ƙugi ba wanda ya kashe, yara suna kuka, mata sun watse. A motar aminin nawa muka ɗauki Kawu zuwa asibiti a Kazaure. Yana tuƙi yana hawaye, ni kuma, Allah ya gani, ni ne nake dafa kafaɗarsa ina ba shi haƙuri, ina cewa ya bar kuka, ƙaddara ce, ba laifin kowa ba ne. Ƙashin cinyar Kawu ya karye. 'Yata kuwa ba ta yi karatun nan ba, alhali wata da watanni tana bita a tsakar gida har kaji sun kusa haddacewa.

Labari ya riga ni komawa gida. Masu taron da suka riga suka yi magana da ni suka fara aiko da uzuri. A majalisa aka ce duk wanda zai je bikin da na yi aiki ya tafi da hular kwano. Da wani aka yi wa wannan ba'a, ni zan fi kowa dariya. Abin da ya hana ni barci shi ne tunanin ko ni na yi kuskuren nauyi. Har kasuwa na kai akwatin aka ɗora mini a sikelin masu hatsi, na haɗa duka, ko rabin abin da sarƙar ke ɗauka ba su kai ba. Sai a sannan na zauna da gaɓar da ta tsinke, na kankare fentin da wuƙa. Ga tabon walda nan ƙuru-ƙuru, an goge shi an rufe da fenti. Na kai wa mai waldan da ke kusa da tasha don ya gaya mini ko idona ne. Yana karɓa ya ce ai aikinsa ne. Ya ce aminina ne ya kawo, wata babbar mota ce maƙare da hatsi ta kafe a taɓo a hanyar Gwiwa, ya ɗaura sarƙar jikin bishiya zai jawo ta, sai ta tsinke. Ya ce tun a ranar ya gaya masa sarƙar nan ta gama aiki, sauran gaɓoɓin ma sun miƙe, sai dai a ɗaure saniya da ita, shi kuma ya ce ai ƙofar gareji za a riƙa ɗaurewa.

Na same shi a zauren gidansu. Da farko ya ce mai walda ya ruɗe ne, ba shi ba ne. Na ajiye gaɓar a kan tabarma tsakaninmu. Sai ya ce kunyata ya ji, ya rasa bakin da zai gaya mini ya lalata mini kayan sana'a, kuma ya zaci za ta riƙe, kuma ai sau biyu yana ce mini a jera a ƙasa na ƙi ji. Wallahi har zuwa nan zuciyata tana nema masa hanya, domin na san kunya, ita ce ta hana ni dubawa ni ma. Sai na yi masa tambaya ɗaya, na ce to me ya sa ya tashi Baba. Ya ce in ya tashe su su biyu, mutane za su tambayi dalili. Wannan maganar ita ce har yau ke cina. Da maganar sarƙa ce kawai, da na yafe tun a zauren. Amma mutum ya tsaya ya auna, ya ga tsofaffi biyu a ƙarƙashin abin da ya san zai iya faɗowa, ya zaɓi nasa, ya gyara wa nawa sanda ya bar shi, sannan ya bari ina lallashinsa a mota. Manya sun shiga tsakani, an ce a yi haƙuri, na ce na yi. Muna gaisawa a masallaci. Takwarana yana zuwa gidana kamar da, ban taɓa canza masa fuska ba. Amma na canza wa shagona kwaɗo, kuma hannuna bai sake shiga kwano ɗaya da na uban yaron ba.

Abin da zan roƙi 'yan'uwana masu wannan sana'a, da duk mai ɗaga nauyi a saman kawunan mutane, shi ne kada ku ba da aron sarƙa ko ƙugiyar aiki, ko wa ya zo. In kun bayar, ku ɗauka ba ku san ta ba sai kun bi ta gaɓa gaɓa, a gaban mai aron in ta kama, ransa ya ɓaci ya huce. Lambar da ke jikin ƙarfe ta lafiyayyen ƙarfe ce, wanda aka taɓa fizga ko aka yi wa walda ba shi da sauran lamba. Sabon fenti a jikin tsohon kaya abin tsoro ne. Kada ku raina wayar nan ta biyu, don ba don ita ba da yau ta'aziyya ake yi mini. Kuma kada ku bar kowa ya zauna a ƙarƙashin kaya, ko da shi ya yi muku tarbiyya. Ku kuma masu aron kayan mutane, in abu ya lalace a hannunku ku faɗa. Kunyar faɗa ta yini ɗaya ce.

Kawu yana nan da rai, yana takawa da sanda biyu, sallah a zaune yake yi. Kwanan baya na je gaishe shi, abin ya sake taso mini, na zauna kusa da kunnensa ina ɗaga murya yadda zai ji, ina cewa tun da aka kafa garin Kazaure ba a taɓa cin amanar wani kamar yadda aka ci tawa ba, kuma mutum irin wannan ko inuwarsa bai kamata a taka ba. Ya bar ni na yi ta yi har maƙwabta suka leƙo. Da na tsaya shan iska, ya gyara ƙafarsa a hankali, ya ce, "To, ɗan nan, shi dai ya san halin da sarƙarka take ciki. Kai mai ita ne ba ka sani ba."