Sakamakon Baban Sista

A unguwarsu ba mai kiranta da sunanta, Sista kawai ake ce mata, har tsofaffin da suka goya ta. Ta daɗe tana aikin jinya a sashen masu ciwon suga na wani ƙaramin asibiti, kuma duk wanda ya taɓa zama a gaban teburinta ya san ba ta ɗaukar wargi. Ka miƙa mata takardar gwaji, sai ta kife ta a gefe, ta ce ka zaro harshe, ka cire takalmi. Sai ta gama leƙa tsakanin yatsun ƙafarka sannan ta waiwayi takardar. Masu sauri suna cewa tsirfarta ta yi yawa, ita kuwa ko a jikinta.

Abin da ke ci mata rai shi ne aikin ba ya ƙarewa a asibiti. Ta dawo gida a gajiye liƙis, ta tarar da maƙwabta a ƙofa, kowa da takardarsa. Wannan ta ga an ja wa lamba ɗaya layi, har ta fara neman gafarar jama'a. Wancan jininsa ya yi ƙasa har leɓensa ya yi fari, amma abin da ya dame shi ko zai iya komawa ɗaukar kaya gobe. Wata ma sakamakon mijinta ta kawo, mijin yana gida a kwance, wai ba ya son fita.

"To takardar zan auna wa zazzaɓi?" in ji Sista. "Je ki taho min da shi."

Haka take, tana faɗa tana dubawa, kuma ba ta taɓa korar kowa ba.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ba ta ciwon kai ba: mahaifinta. Tsohon direban babbar mota ne, suga ya kama shi bayan ya ajiye tuƙi. Duk ranar asibiti sai ya iso da sassafe tsaf da shi, ga safa ga takalmi sau-ciki, a ɗebi jini, suga ya fito daidai. Abokan aikinta su yi ta yabo, suna cewa ina ma kowa ya zama kamar Baba. Ita kuma sai kanta ya kumbura, ta riƙa ba da misali da shi in tana yi wa masu taurin kai faɗa.

Sai dai a kansa kaɗai dokarta take karyewa. Da wane ido za ta dubi mahaifinta ta ce ya zaro harshe? Nauyinsa take ji. Abokan aikin kuma sun ɗauka ai tana duba shi a gida, ita ma ta ɗauka suna dubawa a ofis. Kowa ya bar wa kowa, aka yi shekaru ana gaisawa da takarda.

Da ta lura rigunansa sun fara yi masa yawa, ga zazzaɓi yana zuwa yana tafiya, sai ta roƙi likita ya ƙara gwaji biyu ba tare da ta gaya wa Baba ba: ɗaya na ƙidayar ƙwayoyin jini, ɗaya kuma wanda ke nuna yadda suga ya kasance a watannin da suka wuce, ba na safiyar ranar kaɗai ba. Mai gwajin jinin, wanda kullum sai ya tsokane ta, ranar miƙa mata takardar kawai ya yi ya koma kan injinsa. Sugan safiya lafiya lau kamar kullum. Na watannin baya kuwa ya yi sama sosai, fararen ƙwayoyin jini ma sun hau, alamar akwai ciwon da jiki yake yaƙi da shi a wani wuri.

Ta isa gida a cike fam. Baba yana zaune a kan tabarma da kofin shayi, Umma na gefe tana ninke wanki.

"Baba, kana shan magani kuwa?"

"Ba ke kike ganin sakamako ba?"

Umma ta ajiye zanen da ke hannunta. "Faɗa mata gaskiya, ko ni in faɗa. In ranar asibiti ta matso, sai ya daina shayi da lemo, ya riƙa haɗiyar magani a kan lokaci kamar mutumin kirki. Ana ɗibar jini, a hanyar dawowa zai tsaya wajen mai shayi. Na yi magana har bakina ya gaji."

Baba ko kunya bai ji ba, gyara zama ma ya yi. "Yo ai haka ake yi. Mota in za a kai ta wajen masu dubawa, sai ka wanke ta, ka ari taya mai kyau, ka gyara fitila. In ta wuce ka mayar wa mai taya tayarsa. Ina ni ina zuwa wajen aikinki da mummunan sakamako, in ja miki magana a gaban abokan aikinki?"

Takaici ya cika Sista. Ta yi shekaru tana yi wa iyayen wasu faɗa, ashe nata uban ya fi su duka iya shiri, kuma wai don ita yake yi. Haushinsa take ji, amma na kanta ya fi. Ta san abin da suga yake yi wa ido da ƙoda da ƙafa in ya daɗe yana ɓarna a ɓoye, har ƙafar ta daina jin komai, ta kuma raka mutane da yawa ɗakin tiyata da ƙafa biyu sun fito da ɗaya.

Ta ɗauko jakarta. Ta saurari ƙirjinsa, ba komai. Ta tambaye shi fitsari, ya ɗaure fuska ya ce lafiya ƙalau. Ciwon da jinin ya nuna dai yana nan a wani wuri, kuma wuri ɗaya ya rage.

"Baba, miƙo ƙafarka."

"Uwata, ni za ki mayar ɗan asibitinki a cikin gidana?"

"Yau dai ka yi haƙuri. Miƙo."

Ya miƙe ƙafar yana ƙunƙuni, ya kau da kai wajen bango don kada ya ga 'yarsa durƙushe a gabansa. Safar ta manne da tafin ƙafar, sai da ta jiƙa ta da ruwan ɗumi ta fita. A ƙarƙashin babban yatsa akwai rami mai zurfi, gefensa ya fara baƙi, warinsa ya sa Umma ta toshe hanci ta juya. Ran Sista ya ɓaci, tsoro ya kama ta, don ba ta san ko yatsan kaɗai za a rasa ba.

Ta sa safar hannu, ta danna gefen ciwon, ta wanke shi da magani mai zafin da yake sa ƙarti ihu a asibiti. Ta danna diddige, ta matsa yatsu ɗaya bayan ɗaya, tana kallon fuskarsa. Bai ko motsa ba.

Can sai ya yi tsaki, idonsa har yanzu a bango.

"To in za ki duba ki fara mana, Uwata. Shayina yana hucewa."