Sunan da Aka Sassaƙa a Dutsen Coci

Har yau ban manta da Talatar da Rabaran ya kira ni ofishinsa a Gombe ba. Lokacin ina sakatare, wato ni ke riƙe da takardun baftisma da na aure, ni ke rubuta wasiƙu. Ya ce tsohon cocinmu na Angilika da ke wani ƙaramin gari bayan Kwadon zai yi bikin tunawa da kafuwarsa, kuma za a kafa dutse mai ɗauke da sunan wanda ya fara shi.

"Mai sassaƙa na jiran suna zuwa Juma'a," in ji shi. "Matsalar ita ce sunaye biyu aka kawo mini. Je ka dawo da ɗaya."

A ƙa'ida, littafin baftisma na farko ake dubawa. Na je na tarar gara ta riga ni karanta shi.

Masu rigimar 'yan uwa ne, ɗan mace da 'yar namiji. Papa Okeke ya ce mahaifinsa kafinta ne ya kafa cocin, ga bencina nan shaida. Mama Ngozi ta ce mahaifinta tela ne, shi ya ɗinka mayafin bagadi na farko. Kowa ya rantse in ba a sa sunan ubansa ba, shi da zuriyarsa ba za su taka wurin bikin ba. Su biyun nan kuwa su ne rabin ikilisiya.

Abu ɗaya suka yarda da shi: a tambayi Alhaji Sale Bakatsine, wanda gidansu ke katanga ɗaya da cocin tun yana na kara. Muka same shi a zaure. Da ya ji ƙarar, ya yi dariya har da tari.

"Kafinta da tela? Allah ya ji ƙan maza! Ai Madam Agnes mai garin kwaki ce ta fara. A rumfarta take tara mutane ran Lahadi, tana waƙa har kajinmu su watse. Ita ta je ta roƙi mai gari fili. Kai Okeke, ubanka cewa ya yi ba shi da katako, ta hana shi abinci kwana biyu, sai ga benci. Ke kuma Ngozi, ubanki ƙanenta ne, da kunne ta jawo shi kan keken ɗinki."

Can Papa Okeke ya gyara zama. "To ai uwata ce. Na ci."

"Gwaggona ce," in ji Mama Ngozi. "A gidanmu aka haife ta, aro muka ba ku."

Na bar su suna yi, na kama motar Gombe. Rabaran ya ji labarin, ya ce a sassaƙa sunan Agnes, kada a ƙara na uba ko na miji. Ran biki gidajen biyu suka zo kaf, kowa na nuna wa baƙi dutsen a matsayin nasa.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, in an aike ku neman tarihi, kada ku tsaya ga magada, don kowa ubansa yake gani. Ku ƙetara katanga ku gaida maƙwabci. Shi ba ya jiran a sa sunansa a ko'ina.