Ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa

Kakata ta fi rabin rayuwarta a Madina, amma ba ta taɓa sabawa da sararin samaniyar garin ba. Takan ɗaga kai ta gan shi fayau babu ko ɗigon gajimare, ta ja tsaki, sannan ta yi sauri ta ce astagfirullah.

A bakin wani babban kogi a Kwango aka haife ta, a zangon Hausawa fatake, can tsakiyar duniya inda rana kan tsaya a tsakar ka har inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Daga can ita da kakana suka taso aikin Hajji ta ƙasa. Suka bar 'yarsu ta fari, Habi, a hannun wata maƙwabciya, don ba za ta jure doguwar hanya ba. Niyyarsu su sauke farali su koma. Kakana ya ga Madina ya ce shi nan zai mutu, kuma wannan alkawarin kam ya cika shi. A nan aka haifi babana. Abu guda Kaka take roƙo tun ina ƙarama: a kai ta ta ga Habi, ko da kabarinta ne.

Lokacin sanyi mukan hau saman gidanmu a unguwar Harra ta Gabas bayan magariba. Ta hura gawayi a kasko, ta ɗora butar shayi da na'ana'a, ta ja mayafi ta ce, "Ga ta nan, ta taho muku a jiƙe." Mu ce, "Ta zo mu shanya ta." Sai ta fara da ƙasarsu, inda babu rani babu damina, dare da rana kullum tsawonsu ɗaya, tufa ta kwana a igiya ba ta bushe ba, gishiri ya narke a cikin kwano. Da safe rana ta gasa ka, bayan azahar hadari ya haɗu ya zuba.

Ƙanena Yasir yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa. "Kulli yom maɗar, ya Sitti? Mustahil!"

"Kullum ake ruwa, ɗan nema. Kai da ba ka taɓa ganin kwaɗo ba, me ka sani?"

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta wata mata ce da tafiya ta kama ta, ta kai jaririyarta bakin kogi ta ce ya riƙe mata amana. Kogi ya ce ya karɓa, amma ta dawo kafin ruwan sama ya ɗauke. Matar ta yi dariya, don a ƙasar ruwa ba ya ɗaukewa. Ta yi ta tafiya hankali kwance. Daji ya zama ciyawa, ciyawa ta zama yashi, yashi ya zama baƙin dutse. Wata rana ta miƙa tafin hannu sama, ta ji shi a bushe. Ta juya da gudu, amma duk wanda ta tambaya hanyar kogi sai ya ce mata ta zauna, nan ya fi can.

A nan Kaka take tsayawa. Mu yi ta naci ta ƙarasa, ta ce wuta ta mutu, alhali muna ganin garwashin jajir.

Sau da yawa babana yana zaune a bakin matakala yana shan shayinsa. Ba mugu ba ne, yana son uwarsa. In ta taso da maganar sai ya ce, "Ya Ummi, ki ji tsoron Allah. Mutane na sayar da gonakinsu su zo su mutu a nan, ke kina neman fita? In ajali ya riske ki a can fa? Khalas, magana ta ƙare, bayan Hajji mu gani." Hajji ya zo ya wuce, wani ya biyo shi. Maƙwabta ma suka taya shi. Wata hajiya daga unguwar Bani Harisa ta ce mata ƙiri-ƙiri wannan butulci ne ga ni'imar Allah. Daga ranar Kaka ba ta ƙara roƙon kowa ba, sai tatsuniyar kawai.

Ta rasu cikin tsananin zafi, aka kai ta Baƙi'a. Masu ta'aziyya suka cika gidan suna cewa ta dace, ta samu abin da kowa ke nema. Na zauna a cikinsu ina jin kamar in yi ihu. Ba ni da ja da falalar wurin, amma ba a taɓa tambayarta ba.

Sai da na girma na gane ba mu take yi wa tatsuniyar ba. Mu 'yan rakiya ne. Ɗanta take gaya wa, da muryar da ba zai iya ce mata khalas ba, shi kuma ya yi kamar bai ji ba. Har yau raina yana ɓaci in na tuna. In Habi tana raye, tsohuwa ce yanzu, kuma abin da ta sani tun tana yarinya shi ne uwarta ta ga Madina ta manta da ita. Mu da muka san ba haka ba ne, babu ɗayanmu da ya je ya gaya mata.