Akuya a Wajen Zikiri

Inna, mahaifiyar Umma, ta rasu muna Kuala Lumpur. Ba mu cika shekara da zuwa ba. Abba yana tsakiyar karatun digirinsa na uku, ni kuma an sa ni a wata makaranta kusa da gidanmu a unguwar Taman Melati. A waya aka gaya wa Umma, tana tsaye a kicin tana yanka albasa. Ba ta samu zuwa Kano ba. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in, duk a waya take ganin su, hoton yana tsayawa yana tafiya.

Daga nan Umma ta canza. Ba ta yi wa kowa faɗa, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Tana girki, tana wanki, amma idan ta fita baranda shanya sai ta tsaya riƙe da jiƙaƙƙiyar rigar Abba tana kallon jirgin ƙasan da ke wucewa a kan gadarsa, har ruwan rigar ya jiƙa mata zani. Matan 'yan Najeriya da ke unguwar Cheras sun zo mata gaisuwa, daga baya ta daina ɗaga wayarsu. Wata rana ina ɗaki ina aikin makaranta na ji tana ce wa Abba idan zangon karatuna ya ƙare za ta ɗauke ni mu koma gida, shi ya zauna ya ƙarasa. Abba ya ce, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri."

Ni ba na son mu tafi mu bar shi. Abba bai iya dafa komai ba sai shayi da ƙwai, kuma shi ne yake raka ni bakin mota kullum da safe. Amma ni da ma ba mai magana ba ce, a aji ma malama sai ta matso kusa take jin amsata.

Abba yana da abokin karatu ɗan ƙasar, mutumin Kota Bharu, can arewa kusa da iyakar Thailand. Ina ce masa Pak Cik, yadda yaran ƙasar suke kiran duk wanda ya kai sa'an ubansu. Wata Laraba Abba ya shigo da fara'ar da na daɗe ban gani ba, ko takalmi bai gama cirewa ba ya fara magana.

"Hajiya, ashe garin su abokina sun yi suna da zikiri! Dikir suke ce masa, kin san bakinsu. Har da bandiri. Ya ce ranar Asabar akwai babban taro, mu zo mu kwana a gidansu."

Umma ta ɗago kai. Inna 'yar ɗariƙa ce, duk inda aka buga bandiri a unguwarsu tana can cikin mata, a sahun gaba.

"Zikiri na gaske, Malam?"

"Da kunnena na ji."

"To mu je," in ji ta. "Na yi wa Inna addu'a a cikin jama'a ko sau ɗaya ne."

Ranar Asabar bayan sallar asuba muka hau mota. Umma ta sa farin hijabinta na Idi, ta turara shi tun da daddare, ni ma ta sa na saka dogo. Abba ya sa kaftani da doguwar hularsa ta ƙube, wadda ba ya sawa sai ranar Juma'a. Tafiyar da nisa. Muka wuce gonakin kwakwar manja da ba su da ƙarshe, muka wuce wasu duwatsu tsaye kamar an dasa su, itatuwa sun fito musu a ka. Sanyin na'urar motar ya sa kowa ya duƙunƙune. Umma ba ta yi barci ba, carbinta yana hannunta, amma na lura tana kallon waje, har ta nuna mini wani biri a bakin titi.

Da la'asar sakaliya muka isa, Pak Cik ya tarbe mu ya kai mu gidansu. Mahaifiyar Pak Cik tsohuwa ce 'yar ƙarama, ba ta kai kafaɗar Umma ba, haƙoranta na gaba babu. Ba ta jin Turanci, Umma kuma ba ta jin Malay, sai suka riƙe hannun juna suna ta murmushi. Ta kawo mana shinkafa shuɗiya, shuɗi sosai kamar an rina ta a marina, da wani romon kifi mai wari. Umma ta shinshina ta ce mini a hankali, "Uwata, wannan ai daddawarsu ce." Uwata take ce mini, domin sunan Inna aka sa mini, kuma ba ta taɓa faɗar sunan da bakinta ba.

Bayan mun ci muka tafi tare da Pak Cik da mahaifiyarsa wajen taron, wani fili da aka kafa wa rumfa aka jera kujerun roba. Tun daga bakin ƙofa na fara ganin abubuwan da ba su yi mini kama da zikiri ba. Babu buta ko ɗaya. Babu tabarmi. Maza da mata suna zaune a haɗe, yara suna guje-guje da ledar soyayyen abu a hannu, wani yana sayar da ruwan rake. Waɗanda suka hau dandamali kuma rigunansu ruwan ɗorawa ne masu sheƙi, kowa ya ɗaura ƙyalle a ka. Na kalli Abba, na ga shi ma yana waige-waige. Amma sai ga wasu sun fito da 'yan gangunan hannu masu fuska ɗaya, Umma ta taɓa ni.

"Kin ga bandirin."

Suka zauna sahu-sahu suka tanƙwashe ƙafa. Wani dattijo ya buɗe da sallama, ya ja murya mai daɗi a hankali, sauran suna amsawa. Umma ta rufe ido, leɓɓanta suna motsi. Na ce a raina wataƙila ni ce ban sani ba, kowace ƙasa da irin zikirinta.

Sai wani siririn mutum mai gashin baki ya miƙe ya karɓi makirufo. Kiɗan ya canza, ya yi sauri. 'Yan amshi suka fara tafi tare, suna kaɗa hannuwa hagu da dama kamar igiyar ruwa. Mutumin ya faɗi wani abu, filin gaba ɗaya ya fashe da dariya. Wata mata a gabanmu har tana dukan cinyarta.

Umma ta buɗe ido.

"Uwata, me yake cewa?"

A gidanmu ni ce mai jin Malay, ni nake yi wa Umma tafinta a kanti da asibiti. Amma Malay ɗin Kota Bharu daban yake, suna haɗiye ƙarshen kalma. Na kasa kunne iya ƙarfina. Kalma biyu na kama, kuma ya yi ta maimaita su: kambing da bini. Na san su duka.

"Ke nake tambaya."

"Umma, kamar maganar akuya yake yi."

"Akuya?"

"Da matar wani."

Ta juya ta kalli Abba. Abba ya sunkuya wajen Pak Cik suka yi ƙus-ƙus, na ga Pak Cik ya zaro ido ya dafe baki. Abba ya dawo yana share gumi da hankici.

"Hajiya, wai waƙar ƙauyensu ce. Sunan ne kawai ya zo ɗaya. Wai labarin wani ne da akuya ta cinye takardar da matarsa ta rubuta masa ta cefane, yana tsoron komawa gida."

"Da kunnenka ka ji," in ji Umma.

Ta naɗe carbinta ta saka a jaka ta ja zif. Fuskarta ta koma irin ta baranda. Na ƙura wa takalmana ido, na ce shi ke nan, mun tafi Kano.

Ta yunƙura za ta tashi, sai tsohuwar nan, mahaifiyar Pak Cik, ta kamo hannunta ta ɗora a kan cinyarta, tana ta dariyarta ba ta san abin da ake ciki ba. Umma ba za ta fizge hannu daga na tsohuwa ba. Ta koma ta zauna.

A nan ne mai gashin bakin ya hango hular Abba. Ya tsaya, ya kare ido da tafin hannu kamar mai duban wata, ya nuno mu, kowa ya juyo. Na so ƙasa ta buɗe. Ya rera wani abu, 'yan amshi suka ɗauka, mutane suka kwashe da dariya suna tafa wa Abba. Pak Cik yana fassarawa yana haƙi: wai ga baƙo ya zo daga nesa, tsawonsa ya isa ya tsinko kwakwa ba tare da an aiki biri ba, ya kuma zo da tukunyar shinkafarsa a ka don kada a bar shi da yunwa. Abba ya cire hular ya duba cikinta, ya girgiza ta, ya nuna musu babu komai. Filin ya ƙara rikicewa.

Na ji Umma ta yi wani ɗan sauti a hanci.

"Wannan ai maroƙi ne," in ji ta. "Zambo yake yi wa ubanki."

Mawaƙin ya juyo kanta. Muryarsa ta sauka, ya dafa ƙirji. Pak Cik ya ce yana cewa uwar gida mai fararen kaya ta sha hanya, gidanta yana da nisa, amma duk inda aka shimfiɗa mata tabarma a garin nan gidanta ne. 'Yan amshi suka yi ta maimaitawa, tafin yana ƙara ƙarfi, gangunan suna bi.

Ban ga lokacin da Umma ta ɗaga hannu ta kama hancinta ba. Guɗa kawai na ji, doguwa, siririya, ta ratsa rumfar ta fita. Ban taɓa jin Umma ta yi guɗa ba. Masu kiɗa biyu suka tsaya. Wani yaro ya fashe da kuka. Mawaƙin ya yi tsalle baya kamar an harbe shi, sannan ya kama nasa hancin ya gwada, abin da ya fito kamar kukan zakaran da mura ta kama. Umma ta yi dariya har ta kifa kai a kafaɗar tsohuwar, kuma ba ta ɗago ba, domin dariyar ta zama kuka. Tsohuwar ta yi ta shafa mata baya. A hanyar komawa gidan su Pak Cik Umma ta ce mini Inna ce mai guɗar duk bikin da aka yi a danginsu, a wajenta ta koya tana yarinya.

Pak Cik ya yi ta ba da haƙuri, Abba ma yana ba shi. A wajen cin abinci Pak Cik ya ba mahaifiyarsa labarin kuskuren, da rasuwar Inna. Tsohuwar ta daina tauna. Ta yi masa faɗa da sauri-sauri, na kama kalmar da take nufin sakarai, sannan ta ɗauki mayafinta ta fita.

Washegari da hantsi mata suka fara shigowa, maƙwabtanta ne, tsofaffi da matasa, kowacce da ɗan littafin Yasin. Aka ture kujeru aka shimfiɗa tabarmi. Kafin a fara, wadda za ta ja addu'ar ta tambayi sunan mamaciyar. Na fassara wa Umma. Ta buɗe baki ta rufe, sai ta dafa kaina. Matan suna jira, ba su gane ba. Ni na gane. Na faɗi sunana a gaban ɗaki cike da mutane, da ƙarfi, har sau biyu don matar ta kama shi daidai, Umma kuma ta sunkuyar da kai.

Suka karanta Yasin, suka shiga hailala, suna ɗan rausaya jiki. Babu bandiri. Umma tana tsakiyarsu, muryarta tana tafiya tare da tasu, kuma ba ta juyo ta tambaye ni me ake cewa ba ko sau ɗaya. Da aka shafa, matan suka zo ɗaya bayan ɗaya suna riƙe hannunta biyu suna kai nasu ƙirji. Har yau ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, amma ina sa su a addu'a.

Da azahar muka hau motar komawa, da ƙullin shuɗiyar shinkafa da tsohuwar ta tilasta mana. Mun yi nisa, ina jingine da taga kamar mai barci, na ji Umma ta ce, "Malam."

"Na'am, Hajiya."

"Ka gaya wa makarantar su Uwata tana nan zango mai zuwa."

Na ji Abba yana jan numfashi.

"Amma daga yau," in ji ta, "duk abin da aka faɗa maka da Malay, ka zo da shi gida yarinyar nan ta ji tukuna."