Goran Malam a Gashuwa

Autata ta sace goran ubanta. Ba zan kira shi aro ba, don mai aro yana tambaya. Ta zo hutu daga kwalejinta ta Gashuwa, ta ci tuwona, ta yi mini kitso, ranar komawa ta naɗe goran a tsohon bargo ta saka a mota ina can kasuwa wajen kifina.

Wanda bai san sana'ar su, wato kamun kifi, ba zai ce don gora kawai nake wannan faɗa. Goran su ba na zuba fura ba ne. Ƙato ne, da ƙyar mutum yake rungume shi da hannu biyu. A kansa masunci yake kwanciya rub da ciki ya shiga ruwa mai zurfi da komarsa, kifin da ya kama kuma ya jefa ta bakin goran. In ya tsage ko da siririn layi ne, ruwa zai riƙa shiga a hankali, mai shi bai sani ba sai ya yi nisa da gaɓa. Irin wannan babba ya yi wuya yanzu a wajenmu. Fadamar da ake shuka duman, kacalla ta cinye ta, wannan doguwar ciyawa da ta toshe mana hanyoyin ruwa tun daga Nguru har inda ido ya ƙare.

Ga shi sarkin ruwa ya sa ranar buɗe tabki. Tabkin nan a rufe yake duk shekara, ba mai jefa ko ƙugiya, kuma kifin ranar buɗewa shi nake yi wa banda mu ci har damina. Maigidana Malam ya shiga ɗaki zai sauko da goransa, ya tarar da igiya tana lilo. Shi ba mai magana ba ne. Ya fito ya zauna a kan turmi yana kallon ƙafarsa.

Na kira autata a waya. Ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, gasa ce. Wata ƙungiya ta ce matasa su yi zane a kan yadda ƙasa da ruwa suke lalacewa."

Na ce, "Takarda ta ƙare a duniya?"

Ta ce ai ba fenti ta sa ba, da wuƙa mai zafi ta ƙona zanen, irin na ƙwaryar amare.

Wuƙa mai zafi a jikin goran su! Ban ma kashe wayar ba na jawo mayafina.

Na shiga motar Gashuwa. Wani mai shanu daga Kumagannam yana ta ba da labarin yadda rairayi ya binne rijiyar garinsu, ni kuwa ba abin da nake gani sai Malam a tsakiyar tabki, gora yana nutsewa a ƙarƙashin ƙirjinsa, ga shi gwiwarsa ba ta iyo kamar da.

A wani babban ɗakin taro aka jera kayan. Yara sun yi aiki, wannan ba zan hana su ba. Wata ta saƙa tabarma da kacalla ta fitar da siffar kifi a tsakiya. Wani ya ƙera raƙumi da ledojin da ya tsinto a kwata. Ban tsaya ba. Na hango goranmu a kan tebur, an shimfiɗa masa farin ƙyalle kamar baƙo.

Akwai ɗan kati a gabansa. Ni sai da na yaye autar nan na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yau karatuna da yatsa nake binsa, amma ba na so a karanta mini. An rubuta: Inda ruwanmu yake a da.

Autata ta zagaye wuyan goran da zane. Ta fara da buɗaɗɗen ruwa, jirage da tarwaɗa da karfasa. In ka bi ta dama sai kacalla ta fara leƙowa, tsinke ɗaya, biyu, har ta rufe ko'ina, tsuntsayen jan-baki suna tashi daga cikinta suna sauka a gonar shinkafa. A ƙarshe ga mutum zaune a gaɓa da koma a cinya, ga mace tsaye gaban murhun banda babu kifi, ta riƙe ƙugu, bakinta a buɗe.

Autata ta zo ta durƙusa. "Inna, sannu da hanya."

"Wannan mai bakin wace ce?"

"Wata ce kawai."

"Wata ce mai ɗaurin ɗankwalina?"

Ƙawayenta suka rufe baki da mayafi. Na sa hannu na sungumi goran. Wata ma'aikaciyar ƙungiyar ta taho da sauri tana cewa, "Hajiya, ba a taɓawa!"

Na ce, "'Yar nan, kafin a haife ki nake taɓa shi. Ruwa zan kai shi. In kina tsoro ki biyo mu."

Ta kuwa biyo mu. Mu uku a napep, gora a cinyata, har bakin gada.

A nan muka sami wani dattijo Babade yana gyaran taru. Na gaishe shi na ce ya hau mini goran nan ya gwada. Ya juya shi yana kallo, ya ce, "Wannan na su ne ko na lefe?"

Na ce, "Baba, hau dai. In ka nutse na san ya lalace."

Ya yi dariya har da tari, ya tuɓe riga ya shiga. Ya yi nisa, ya juya, ya danna shi da ƙirji, ya karkata shi hagu da dama. Autata tana gefena tana cewa, "Inna, wallahi ban taɓa cikinsa ba. A wuya kawai na yi, inda ya fi kauri, kuma fatar sama na ƙona. Ni ma 'yar masunci ce." Na ce ta yi mini shiru.

Da ya fito ban jira bakinsa ba. Na naɗe hannun riga na zura hannu har kafaɗa, na shafa ƙasan, na shafa gefe, na bi bayan zanen da yatsa. Ƙura ce kawai da ƙamshin tsohon kifi. A bushe yake ƙayau.

Na zauna a kan yashi. Sai a lokacin na ji yunwa, na tuna ban karya ba. Na kira Malam na ce gora lafiya lau. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ya ce, "Zanen ya yi kyau?" Na ce ya jira ya ga yadda aka yi da matarsa.

Niyyata in wuce tasha da shi daga nan. Autata ta riƙe gefen mayafina ta ce alƙalan gasar sai gobe za su zagaya, in bar mata shi su gani. Buɗe tabki da sauran kwanaki. Na ce zan bari, amma ba zan bar shi a hannun mutanen da suke ƙwanƙwasa shi da ɗan makulli don su ji ƙararsa ba, na ga wani yana yi da idona.

Na kwana gidan ƙanwata a cikin gari. Da safe na ari tabarma da buta, na riga mai gadi isa ƙofar ɗakin taron. Da aka buɗe na shimfiɗa tabarmata a gindin teburin, na zauna.