Lallen da Ya Riƙe Yarinya

Sana'ata ƙunshi da dilka, a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi. Shekaru da dama wata Hajiya mai fita ƙasashe takan kawo mini 'yan mata in gyara su, tana cewa aikin gida ta samo musu a ƙetare. Har guɗa nake yi musu. Ban taɓa tambayar me mai wanke-wanke za ta yi da gyaran amarya ba, ga shi babu ango, babu gwaggo ko ɗaya a bayanta. Sai da ɗayansu ta dawo ta Agadas a rame, ta zauna kan tabarmata ta faɗa mini gidan da aka kulle su da mazan da ake shigo musu da su. Allah Ya yafe mini, hannuna ya yi musu kwalliya.

Ban gama jimami ba sai ga Hajiya wata safiya da sabuwar yarinya. Ina ganinta na gane ta, ɗiyar mai bandar kifin da nake saye wurinta a Argungu ce. Bakinta ba ya rufuwa don murna, wai za ta hau jirgi, za ta aiko wa innarta firji. Hajiya ta ce in yi sauri, motar Kamba, bakin iyaka, za ta tashi bayan azahar. Ta fita kasuwa.

Na kwaɓa lalle. Maimakon zane mai saurin bushewa sai na yi mata ƙunshin gargajiya, na lafta shi hannu da ƙafa, na sa leda, na ɗaure da tsumma tamau. Wadda aka ƙunsa haka ko bayan gida sai an ɗauke ta. Na zagaya bayan ɗaki na buga wa uwar yarinyar waya. Ta ce ai Abuja aka ce mata. Na faɗa mata komai. Ban ji ƙarshen salatinta ba ta kashe.

Hajiya ta dawo ta tarar da yarinya a miƙe kamar buhun albasa.

"Inna, mi ne ne haka? Kwance mata."

"Bai kama ba, Hajiya. Kina so a ce ƙunshina ya fito kamar ruwan goro?"

Ta ce ba amarya ba ce. Na ce to, ni ma abin da nake ta tunani ke nan. Ta dube ni, na ci gaba da fifita ƙafafun ina jan hira, ina yabon mayafinta, kunnena na kan titi. Kowane babur ya wuce sai in saci kallon ƙofa.

Ƙamshin banda ya riga su shigowa. Uwar ce a gaba, zani a ɗamare, ƙannenta masunta na biye da ita, an ciko adaidaita daga tasha. Hajiya ta ce bari ta ɗauko jakarta a waje. Ba mu sake ganinta ba, amma a ranar muka kai maganarta ga hukuma.

Na rangaɗa guɗar da ta tara unguwa. Yarinyar kuwa kuka take tana cewa na yi mata baƙin ciki. Kawunta ya saɓe ta a kafaɗa da ledojinta, aka nufi motar Argungu. Har yau in na je sayen kifi sai yarinyar ta kau da kai, ni kuwa sai in gaishe ta da ƙarfi.